Sukari ƙwaya nawa ne ya kai kakana kaso zamanin nasara?

Ɗan_Birni:

Assalamu alaikum jama'ar gida, da fatan an yini lafiya. Akwai wata tambaya da ta daɗe tana cina, yau na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace da masu sani.

Mu gidanmu nan cikin Birni, tsohuwar unguwar Zinder, akwai wata magana da tsofaffi ke wa yaro in an kama shi da hannu cikin gwangwanin sukari, sai ka ji an ce "kai jikan mai sukari, kaso kake son komawa?" Tun ina ƙarami nake jinta, na ɗauka wasan kaka da jika ne kawai. Sai bana da babbar salla muna zaune ana suya gwaggona ta ɓaro zancen, ashe kakanmu wanda ya haifi baba, Allah jiƙan shi, ya yi aikin boyi gidan wani nasara can wajen bariki tun yana saurayi kafin yaƙin Hitila, kuma wai matar nasaran ƙirga sukari take ƙwaya ƙwaya, ta ƙirga da safe ta ƙirga da marece, makullin almuwar, wato kabad, yana rataye a ƙugunta, ran nan lissafi bai cika ba sai aka kira gardi aka tasa ƙeyarshi, ya sha bulala, ya yi kwanaki a kaso yana ɗiban ruwa da fasa dutse. Da ya fito babu gidan nasaran da ya ƙara ɗaukarshi aiki, sai ya koma majema wurin kawunshi, a nan ya ƙare rayuwarshi yana jima.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mutanen nan fa, Faransawa, su suka ci Damagaram ɗungurungum a 1899, suka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, a 1906 suka tuɓe Amadu ɗan Bassa suka kai shi can ƙasar Kodebuwa, ƙasa tasu, lanho wato haraji nasu, bindiga tasu. To mai wannan iko me zai yi da ƙwayar sukari har a ɗaure mutum? Muguntar wannan matar ce ita kaɗai, ko haka suke ko'ina suka je suka zauna? Kuma su a tsakaninsu ba su satar wa juna ne, sai mu?

Mushe_Zongo:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah jiƙan tsoho. Tarihi nake koyarwa a kwaleji, bari in ba ka ɗan abin da na sani, ka yi haƙuri zai yi tsawo.

Tambayarka ta ƙarshe ita ta fi sauƙi, da ita zan fara. Suna sata, wallahi suna sata, kuma kafin su fara ɗaure boyi a Afirka junansu suka fara ratayewa a kan abinci.

Ka ɗauki Ostareliya. Turawan Ingila sun sauka inda yake Sidni yanzu a watan Janairu 1788 da jirage 11, fiye da mutum ɗari bakwai a cikinsu fursunoni ne, kuma mafi yawansu sata ce ta kawo su, satar riga, zane, hankici, agogo, irin waɗannan. Dokar Ingila ta lokacin in ka saci kayan sule 5 a kanti hukuncinka rataya, in cikin gida ne sule 40, shi ya sa masu yanke hukunci in sun ji tausayi sai su rubuta kayan sule 39 ne don mutum ya tsira da wuyanshi a tura shi ƙetare. To an kwaso ɓarayi an zube su a ƙasar da ba su san nomanta ba, abinci sai wanda aka zo da shi cikin jirgi. Wata guda da sauka, ran 27 ga Fabrairu 1788, aka rataye wani Thomas Barrett, shi ne mutum na farko da aka rataye a wurin, laifinshi satar man shanu da wake da naman alade daga sito. Shekara na zagayowa, Maris 1789, aka rataye sojoji shida, su ne fa masu gadin siton, ashe sun yanka makullai nasu suna shiga da dare suna ɗiban gari da nama da giya wata da watanni. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi kenan.

A Amurka ma haka, garin Jamestown da suka kafa a 1607. Yunwar 1609 zuwa 1610 ta kusan ƙarar da su, kusan mutum 60 ne suka rage a cikin ganuwar. Bayanta sai aka kafa musu doka irin ta soja, in ka shiga lambun wani ka tuge abin da ya shuka kisa ne, mai gashin burodi ko kuku in ya rage gari ko nama a yanke mishi kunnuwa, mai wanki in ta riƙe rigar wani ko ta musanya mishi da tsohuwa a yi mata bulala a kulle ta. Ka ga kuku da mai wanki, su ne dai mutanen da ake zargi ko'ina, sai dai a can fararen fata ne 'yan'uwansu.

Dalili na farko kenan, nisa. Abin da ba a bakin komai yake ba a Paris ko Landan, in ka kai shi ƙarshen duniya ya zama dukiya, ƙusa, allura, sabuni, kyandir, ashana. Mu nan Zinder ka tuna sai wajen 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano, daga can kuma kilomita wajen 240 a kan raƙumi da jaki, kafin nan kuwa kaya daga bakin teku wata nawa suke yi a hanya. Akwatin sukari da sardin da kananzir in ya ƙare sai a jira wani ayarin. Ba wai ina wanke madam ba ne, ina nuna maka inda ƙirgan ya samo asali.

Amma nisa bai isa ya bayyana bulala ba. Ni a ganina tsoro ne. Mutum ne shi kaɗai ko su goma a cikin dubbai, ya san da bindiga ya shigo, ya san a garin nan aka kashe sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a 1898, kuma wanda ke dafa mishi abinci, mai yi mishi shimfiɗa, mai riƙe mishi ɗa, duk 'yan garin ne, bai jin abin da suke faɗi a kicin. Ƙwayar sukari in ta ɓace ba sukarin yake gani ba, gani yake akwai hannun da ke motsi a gidanshi bai sani ba, yau sukari gobe harsashi ko guba. Ka tuna fa abin da aka ɗora wa Amadu ɗan Bassa a 1906 ai zargin shirya maƙarƙashiyar kashe nasaru ne.

Ƙarin bayani ɗaya, Nijar ba ƙasar 'yan kama-wuri-zauna ba ce irin Aljeriya ko Kenya ko Rodeshiya inda turawa suka zo da iyalansu suka ƙwace gonaki suka ce sun zo kenan. Namu sojoji ne da ma'aikatan buro da 'yan kanti, su yi shekara biyu uku a canza su, musamman daga 1911 zuwa 1926 da Zinder ke babban birni kafin a mai da shi Yamai. Amma halin cikin gida iri ɗaya ne.

Bamirriye:

Hhhh mushe wato ɓarayi aka tara jirgi 11 aka je aka kafa ƙasa, yau kuma jikokinsu ne ke hana mu biza. Allah mai iko.

Hajiya_Garin_Malam:

Ɗana Ɗan_Birni sannu, labarinka ya tuna mini da innata Allah ya gafarta mata, ita ma ta yi wanki da guga gidajen nasaru tana yarinya tare da yayarta. Ba karatu na yi mai zurfi ba amma abin da kunnena ya ji zan faɗa.

Ta ce abin da ya fi jawo rigima ba ma sukari ba ne, kwalba ce da gwangwani. Nasara ya shanye giyarshi ya jefar da kwalba bayan gida, ya cinye sardin ya yar da gwangwani, to mu a wurinmu abin da aka yar ai na mai tsinta ne, kwalba kuwa lokacin kuɗi ce, mai man gyaɗa na so, mai turare na so, gwangwani maƙera su yi fitila aci-balbal da shi ko mazubi. Sai boyi ya tara ya kai kasuwa. Wata madam ba ruwanta, wata kuwa ranar da ta gane ana samun kuɗi da sharar gidanta sai ta ce sata ce, abin da ita da hannunta ta zubar. Haka guntun sabuni da ya rage bayan wanki, haka sauran abinci. Mu tun kaka da kakanni wanda ya yi maka girki yana da rabo cikin tukunya, ko baiwa ce ba a hana ta ƙanzo, wanda ya yi maka sussuka yana tafiya da ɗan abin da zai kai gida, ba a ce mishi ɓarawo. Su kuwa sun ce an biya ka tamma kaza a wata shikenan, ko ƙashi ka ɗauka sai da izini.

Kuma innata ta ce su ma ma'aikatan suna da tasu dabara, ba waliyyai ba ne. Kuku in ya je kasuwa cefane sai ya ɗora ɗan wani abu a kan kuɗin kaza da ƙwai, kowa ya sani, ita madam ɗin ma ta sani, in kuku ya iya girki sai ta kau da kai don samun wani irinshi wuya ne. Ƙaramin boyi mai wanke kwanoni shi ne ba shi da gata, duk abin da ya ɓace a kanshi yake ƙarewa ko da kuku ne ya ɗauka. Ina jin kakanka a nan ya faɗa. Ka tambayi gwaggonka ko shi ne ƙarami a gidan.

Abu_Sabon_Gari:

Ni dai ku yi haƙuri zan ɗan saɓa. Na ga zancen yana neman komawa duk wanda ya ɗauki kayan nasara gwarzo ne. Sata sata ce jama'a. An ba ka amanar gida ka ɗauki abin da ba a ba ka ba, ko na kafiri ne ko na azzalumi ne amana ce ka ci. Kuma kar mu manta kafin nasara su zo sarakunanmu ba wasa suke da ɓarawo ba, ku tambayi tsofaffi yadda hukunci yake zamanin Tanimun sarkin Damagaram, da a ce gidan wani babba a fada aka yi wannan ƙila bulala da kwana kaɗan a kaso sauƙi ne. Yanzu ma wa ke cikinmu da ba ya kulle sito saboda 'yar aiki? Matata Maggi ma ƙirga shi take wlh. To me ya raba ta da madam?

Almajirin_Malam:

Malam Abu gaskiyarka ta wani ɓangare, cin amana haramun ne ko kayan waye. Amma tunda ka kawo hukunci bari mu faɗe shi cikakke. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a yanke hannu sai abin da aka sata ya kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami uku, kuma an fitar da shi daga ma'ajiyarshi. Ƙwayar sukari ko kwalbar da aka yar ba su kama hanyar nisabi ba. Sannan Sayyadina Umar ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Kuma a Muwaɗɗa akwai labarin bayin Haɗibu da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka suka ci, da aka kawo su Umar ya ce wa ubangidansu ina ganin yunwa kake bar su da ita, ya tambayi mai taguwa kuɗinta ya ce dirhami 400, Umar ya sa ubangidan ya biya 800. Wato an fara duba cikin ma'aikaci kafin a duba hannunshi.

To wa ya duba cikin boyi a lokacin nasara? Mutanen da suka ga yunwar 1913 zuwa 1914 wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ga lanho ga aikin dole, yaro ya tashi gidansu babu ko kunu ya je yana jera cokula a teburin da ake zubar da nama. Ban ce ya halatta ba. Na ce alƙalin musulunci da ya san aikinshi ba zai yi mishi abin da kumandan ya yi ba.

Maganar Maggi kuwa Malam Abu, sai ka tambayi uwargida nawa take biyan yarinyar a wata, hhh.

Mushe_Zongo:

Malam Abu abin da ya raba matarka da madam guda ne, matarka ba ta da gardi. In Maggi ya ɓace iyakarta faɗa ko ta sallami yarinya, in ta kai ƙara kuma sai an tambaye ta shaida. Madam kuwa mijinta ko abokin shan giyar mijinta shi ne kumandan, shi ne mai gabatar da ƙara shi ne alƙali. A ƙarƙashin dokar da ake kira andijena kumandan na iya kulle baƙar fata har kwana 15 da tarar faran 100 ba tare da wata shari'a ba, daga baya aka rage, amma ba a soke ta ba sai 1946, shekarar da aka soke aikin dole da dokar Houphouët-Boigny, ɗan majalisa daga Kodebuwa. Sata ta sosai kotun 'yan ƙasa ake kai ta, to amma a can ma nasara ne ke shugabanta, kuma in ba a son dogon zance sai a rubuta rashin ladabi ga hukuma a wuce wurin. Ɗan kaso kuma lebura ne na banza, shi ke ɗiban ruwa, shi ke share bariki, shi ke gyaran hanya, don haka babu mai gaggawar ya ga kaso ya zama wayam.

Inda turawa suka zauna da gonaki abin ya fi haka muni. A Kenya an yi doka a 1913 kan satar dabbobi da amfanin gona, tara ninki goma na kuɗin abin da aka sata, in ɓarawon ba shi da shi a bi danginshi ko ƙauyensu. A 1911 wani bature mai kiwo Galbraith Cole ya harbe wani ɗan ƙasa da ya zarga da satar tunkiya, bai ma yi musu ba, masu yanke hukunci duk turawa suka ce ba shi da laifi, sai gwamnati ce ta kore shi daga ƙasar don kunya, daga baya ma ya dawo. Kuma makiyayar da tumakin nashi ke ci ta ƙabilar Masai ce aka tashe su daga kai.

Sannan wa ya fara ɗaukar kayan wa? Turawan da suka sauka Amurka a jirgin Mayflower cikin Nuwamba 1620, kafin su gina ko bukka sun tono masarar iri da 'yan ƙasar suka binne a rami suka kwashe, har yau ana kiran wurin Tudun Masara da turancinsu, sai daga baya suka biya. Amma a 1585 da aka rasa kofin azurfa ɗaya na turawan da suka je Roanoke can Amurka, garin 'yan ƙasa da suka zarga suka ƙone shi ƙurmus har da gonakin masara. Kofi ɗaya. A Sidni kuma fursunoni sun addabi 'yan ƙasa da satar masu da kayan kamun kifi, har a 1791 gwamna Phillip ya sa aka yi wa wani bulala a gabansu don ya nuna musu adalci, sai matan suka fashe da kuka, ɗaya ma ta ɗauki sanda ta yi kan mai bulalar. Su da aka yi wa satar ba su ga abin ya kai a fasa wa mutum baya ba.

Abu_Sabon_Gari:

To mushe na ji, maganar gardi ta shige ni. Amma ina nan kan bakana cewa kar yaranmu su karanta wannan su ɗauka ɗan hali gado ne na jarumta. Almajirin_Malam kai kuma zan kama ka a masallaci.

Ɗan_Birni:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, mushe Allah ƙara basira. Hajiya na bi shawararki, jiya bayan isha'i na je wurin gwaggo na tambaye ta. Da farko faɗa ta rufe ni da shi wai na kai sirrin gida cikin salula duniya na gani, sai da na rantse ban faɗi sunan kowa ba.

Ta ce eh shi ne ƙarami a gidan, a ƙarƙashin kuku yake. Amma ta ce kar in wanke shi, ya ɗauka. Shi da bakinshi ya gaya musu, kullum ƙwaya biyu yake ɓoyewa cikin hula ya kawo wa innarshi da ke kwance ba ta iya cin komai sai koko, ya fi wata yana yi madam ba ta gane ba don kuku na rufa mishi asiri yana cewa baƙi ne suka sha da kafe. Ranar da aka kama shi kuwa ba shi ya ɗauka ba, rabin kwali ne ya ɓace gaba ɗaya, kuma har ya mutu bai faɗi wanda yake zargi ba, in an matsa mishi sai ya ce wanda ya rufa maka asiri wata guda ai ya ci rabin kwali. Ta ce kuma tun daga nan bai ƙara sa sukari a bakinshi ba, shayi ma haka yake shan shi da ɗaci.

Mushe wata tambayar, irin wannan hukuncin ana rubuta shi a rajista? In ana rubutawa ina takardun suke yanzu, nan Zinder ko sai Yamai? Ina son in ga ko ƙwaya nawa suka rubuta.

Mushe_Zongo:

Ana rubutawa, kumandan na da rajistar hukunci kuma yana aika rahoto sama. Ka fara da gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai, wasu na Afirka ta Yamma ta Faransa suna Dakar, wasu kuma Aix-en-Provence can Faransa. Sai dai ka tafi da sunanshi da na babanshi da duk laƙabin da ake kiranshi da shi, kuma ka gwada rubutu iri iri don yadda nasara ke rubuta sunayenmu sai ka rantse wani ne daban. In ka tashi tafiya ka yi mini magana ta ciki, ina da ɗalibi a jami'ar Abdu Mumuni da ya saba shiga wurin.